Riƙe Numfashi a Tudu da Riƙe Shi a Cikin Ruwa



Maganar da aka nemi in yi a yau ta shafi masu koyon nutso ba tare da tukunyar iska ba, watau waɗanda ke shaƙar numfashi ɗaya su nitse da shi. Sabon shiga yakan fara gwada kansa a ɗaki, ya kwanta da agogo a hannu, ya ga ya kai minti 2, sai ya ɗauka abin da zai tarar a ruwa ke nan. Lalle ba haka ba ne.

Mu fara da abin da ke tilasta wa mutum numfashi. Yawancinmu muna zaton ƙarewar iskar oksijin ce ke sa ƙirji ya ɗau zafi. Alhali kuwa abin da jiki ya fi ji shi ne taruwar gurɓatacciyar iska, watau kabon dayoksaid, a cikin jini. Ita ke sa tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya riƙa zabura. Raguwar oksijin kuwa ba ta da gargaɗi mai ƙarfi, mutum yana iya suma yana ganin lafiya lau yake.

To, da fuska ta taɓa ruwa, musamman mai sanyi, sai jiki ya sake salo. Bugun zuciya ya ragu, jijiyoyin jini na hannu da ƙafa su tsuke don a tara jini ga ƙwaƙwalwa da zuciya, saifa kuma ta matse ta saki ƙwayoyin jinin da ta ajiye. Paul Bert na Faransa ya bayyana raguwar bugun zuciya a jikin agwagwa tun 1870. A 2018 kuma Melissa Ilardo da abokan aikinta suka nuna cewa mutanen Bajau na Indunusiya, waɗanda nutso ne abincinsu, saifarsu ta fi ta maƙwabtansu manoma girma da wajen kashi 50 cikin 100. Saboda wannan baiwa, mai koyo da ya natsu yakan daɗe yana kwance a kan ruwa fiye da yadda ya yi a kan tabarma. Wanda tsoro ya kama kuwa, ko sanyi ya sa shi makyarkyata, lokacinsa raguwa yake yi, domin tsoka mai motsi cin oksijin take yi.

Sai batun zurfi, wanda ba shi da makamanci a tudu. A mita 10 nauyin da ke danne jiki ya ninka na bakin ruwa, iskar huhu ta matse ta koma rabin girmanta. Wannan matsi yana tura oksijin cikin jini, mai nutso ya ji daɗi a ƙasa ko da guzurinsa ya kusa ƙarewa. Da ya juyo sama, huhu ya buɗe, ƙarfin oksijin ya faɗi farat ɗaya. Shi ya sa suma ta fi aukuwa a mitocin ƙarshe, ko bayan kai ya riga ya fito.

A nan ne bambancin ya fi nauyi. Wanda ya suma a kwance a kan gado, jikinsa yakan koma numfashi da kansa cikin ɗan lokaci, kuma iska zai shaƙa. Wanda ya suma fuskarsa na cikin ruwa, shi ma jikinsa zai nemi numfashi, amma ruwa zai shaƙa, ko da kuwa zurfin bai wuce gwiwa ba.

Akwai wata dabara da matasa ke koya wa juna, ta yin numfashi da sauri sau da yawa kafin a nitse. A ganina babu abin da ya fi ta haɗari a wannan fanni. Oksijin da take ƙarawa kaɗan ne ƙwarai, aikinta shi ne wanke gurɓatacciyar iskar nan da ke yi wa mutum gargaɗi. Likita Albert Craig na Amurka ya bayyana haka a 1961, da ya bi diddigin gwanayen iyo da suka suma a ƙarƙashin ruwa.

Kuna iya jin cewa Stéphane Mifsud ya riƙe numfashi minti 11 da daƙiƙa 35 a 2009. Gaskiya ne, amma da masu tsaro a gefensa ya yi.

Saboda haka mai koyo ya yi horon juriya a tudu, a kwance, ba a tsaye ba, ba kuma yana tuƙi ba. In zai shiga ruwa, tilas ya kasance da abokin da hannunsa zai kai gare shi, ɗaya ya nitse ɗaya ya zauna a sama, kuma ya ci gaba da kallonsa har daƙiƙa 30 bayan ya fito. In ya suma, a ɗaga fuskarsa daga ruwa, a cire masa tabarau, a hura masa iska a fuska, a kira sunansa. Idan bai numfasa ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, a ba shi numfashi baki da baki, a fitar da shi tudu, a nemi likita.