Ɗigo Ɗaya a Ido, Amma Har Ƙirji Yake Kaiwa

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau maganar wata 'yar kwalba za mu yi, wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ta kusa raba mu da Gwaggona a hunturun bara.

Gwaggo yayar Babana ce, ta haura sittin. Ta daɗe tana cin karo da kujera, tana tuntuɓe da buta, mu kuma muna cewa tsufa ne. Da muka je asibitin ido aka ce hawan jinin ido ne, wato gilakoma. Aka rubuta mata timolol, ɗigo ɗaya safe da yamma. Likita ya tambaye ta ko tana da wani ciwo, ta ce lafiyarta ƙalau. A wurinta fukar da ke taso mata lokacin sanyi ba ciwo ba ce, abin gado ne kawai. Ni da na raka ta fa? Ina gefe ina danna waya. Wannan laifina ne, ba zan ɓoye ba.

A dare na uku numfashinta ya sarƙe, ƙirji yana kuka kamar usur. Muka ce ƙurar hunturu ce, muka garzaya asibiti. Likitan da ke bakin aiki ya ce, "Wane magani Hajiya take sha?" Muka ce babu. Kuma ai ba ƙarya muka yi ba, ba sha take yi ba, ɗigawa take yi. Sai ƙanwata ta ce, "Sai dai na ido." Ya ce a miƙo kwalbar. Yana karanta sunan ya ce ga mai laifin nan.

To ta yaya maganin ido zai kama ƙirji? Bari mu fara daga ciwon.

Cikin ido akwai wani ruwa garai-garai, ba hawaye ba, da ido ke samarwa kullum yana fita ta wasu ƙananan magudanai. Idan magudanar ta cushe, kamar kwatar unguwa da damina, sai matsi ya ƙaru ya riƙa cin jijiyar gani. A ma'aunin likitoci, matsin ido na yau da kullum yana tsakanin 10 zuwa 21. Ganin gefe-gefe ne ke fara tafiya, yawanci ba zafi ba ja, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da shi, kuma shi ne na biyu wajen jawo makanta bayan yanar ido. Mu baƙar fata ya fi kama mu da wuri, kuma yana bin dangi.

Timolol na cikin dangin magungunan da ake kira bita-buloka, 'yan uwan wasu ƙwayoyin hawan jini da ciwon zuciya. Tun 1978 aka amince da shi a Amurka don wannan ciwo. Aikinsa rage ruwan da ido ke samarwa, kamar a rage famfo, sai matsin ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Yana da araha, yana aiki, ya tsare ganin mutane da yawa. Amma ku riƙe wannan: ba ya ƙara gani, saura yake karewa. Shi ya sa wanda ya ce "ban ga canji ba" ya ajiye kwalbar, kansa yake cuta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kun taɓa ɗiga magani a ido kuka ji ɗaci a maƙogwaro? Akwai 'yar hanya daga kusurwar ido ta wajen hanci, ta nan maganin ke gangarawa, ya shiga jini kai tsaye. Da ya shiga, aikin danginsa zai yi: ya rage bugun zuciya, ya matse hanyoyin iska a huhu. Don haka mai fuka, mai daɗaɗɗen ciwon huhu, mai jinkirin bugun zuciya ko raunin zuciya, wannan magani na iya zame masa haɗari. Mai ciwon suga kuma, yana iya ɓoye masa bugawar zuciyar nan da ke gargaɗinsa cewa suga ya faɗi. Wasu suna samun kasala, jiri, sanyin hannu da ƙafa, ko damuwa ba dalili. Wasu maza ƙarfinsu na raguwa, kunya ta hana su faɗa. A idon kansa akwai ɗan yaji da bushewa.

Me ya rage mana? Mu ne fa masu raka iyaye asibiti, mu ne masu karanta takarda.

Na farko, a gaban likita ku buɗe baki. Fuka, suga, zuciya, duk ƙwayar da ake sha, ku faɗa ko ba a tambaya ba. Idan kuma aka tambayi magunguna a wani asibitin, ku lissafa har da na ido.

Na biyu, ku karanta kwalba. Akwai magungunan da aka haɗa biyu a kwalba ɗaya, timolol na ciki da ƙananan haruffa.

Na uku, yadda ake ɗigawa. Ɗigo ɗaya ya isa. A rufe ido, a danna kusurwarsa ta wajen hanci da yatsa kamar minti biyu. Wannan yana rage abin da ke gangarawa cikin jiki. In magani biyu ne, a bar minti biyar a tsakani.

Na huɗu, in numfashi ya sarƙe ko mutum ya suma, kar a ƙara ɗigo, a tafi asibiti da kwalbar a hannu. In kuma kasala ce ko jiri, kar a daina da ka, a koma wurin likita. Akwai wasu hanyoyin: latanoprost da ake ɗigawa sau ɗaya da dare, akwai leza, akwai tiyata. Kuma don Allah kar a ara wa maƙwabci, kar a saya a kyamis don ido ya yi ja.

Gwaggo tana nan da ranta, alhamdulillahi. An canza mata magani, ni nake ɗiga mata bayan isha'i. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama muke riƙo. Da aka auna Babana, shi ma an ga nasa ya fara hawa, ga shi bai taɓa jin komai ba.

Aikin gida na wannan mako: ku duba kan taga ko cikin jakar Mama ko Kaka, in akwai 'yar kwalbar ido ku karanta sunanta. In a gidanku akwai mai hawan jinin ido, ku ja sauran manya su je a auna su. Ku faɗa mana abin da kuka gani a ƙasan wannan rubutu.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.