Kamarar da za ta jure ranar Agye

Matasa da dama a Agye, Gazawa da Gidan Rumji na son ɗaukar bidiyo a gona da kasuwa, amma suna jiran sai sun sami kuɗin babbar kamara. Ni dai ban ga dalilin jiran ba.

A 2015 shirin SPRING da ƙungiyar Digital Green sun koya wa mutanen ƙauyukan Agye da Gidan Rumji ɗaukar gajerun finafinai kan wankin hannu da ciyar da yara, da ƙananan kamarori, ana haska su da majigin batir. Mata suka ga maƙwabtansu a hoto suna magana da Hausarsu, suka saurara.

Salula mai kyau ta isa. Inda ya kamata a zuba kuɗi shi ne sauti. Iskar hunturu na haɗiye maganar manomi gaba ɗaya, don haka a sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, a rufa masa hular soso ko ta gashi. Mai kallo zai haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma in bai ji magana ba, ya tafi. Sai sandar ɗora kamara mai ƙafa uku wadda za ta hau bayan babur, da batirin ajiya mai caji da rana.

A Afrilu zafi kan wuce digiri 40, salula kuwa in ta yi zafi sai ta katse ɗauka. A bar ingancin hoto na 4K, a tsaya a 1080, a fita da hantsi ko bayan la'asar, a zaunar da mai magana a inuwa.