Rumbun Wutar Lantarki a Kan Dutse

Unguwar Dengfeng da ke birnin Guangzhou, a kudancin ƙasar Sin, sananniya ce ga fataken Afirka, ciki har da Hausawa, waɗanda suka daɗe suna sauka can don sayen kaya. Abin da kan ba baƙo mamaki shi ne, da wuya a ɗauke wuta. To, daga ina wutar take fitowa?

Wani kaso nata daga ruwa ne. A lardin Yunnan, can yamma, ƙarfin koguna ne ke juya injuna a manyan madatsun ruwa, kamar ta Xiaowan a kan kogin Lancang, wanda ake kira Mekong in ya bar ƙasar Sin. A shekarar 2010 aka kammala wata waya mai tsawon kimanin kilomita 1,400, wadda ke iya ɗauko megawat 5,000 daga Yunnan zuwa bakin Guangzhou.

Sai dai wutar lantarki ba hatsi ba ce da za a zuba a buhu. Da rana masana'antu na bukatarta ƙwarai, da dare kuwa sai ta yi rara. Don haka aka haƙa tafki biyu a gundumar Conghua, arewa maso gabas da birnin, ɗaya a kan dutse, ɗaya a gindinsa, da tazarar sama da mita 500 tsakaninsu. Cikin dare sai a yi amfani da rarar wuta a tura ruwa sama. In bukata ta ƙaru, sai a sako shi ya juya injuna takwas, masu ba da megawat 2,400 gaba ɗaya. An gama wannan aiki a shekarar 2000. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na wutar kan salwanta a hanya, amma da ma Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Ruwa ma yana da nasa rauni. A shekarar 2022 fari ya rage kogunan lardin Sichuan, har aka tsayar da masana'antu na kwanaki.

A Nijeriya, madatsar Kainji mai megawat 760 ta samu tun 1968, ta Zungeru kuma, mai megawat 700, wadda kamfanonin Sin suka gina a kan kogin Kaduna, an kammala ta a 2023. Duk da haka, a 2024 babban layin wutar ƙasar ya durƙushe sau da dama, maƙera da teloli suka koma ga janareta.

Ashe gina madatsa somin aiki ne. Sai an haɗa ta da waya mai ƙwari da wurin ajiya, kana ƙarfin kogi ya isa shagon mai sana'a.