Jawabin Buɗe Ofishin Ba Ɗalibai Shawara a Potiskum

Wakilan masarautun Fika da Pataskum, jami'an Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Yobe, shugaban makaranta, malamai, iyaye da ɗalibai.

Tun a shekarar 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi samar da masu ba ɗalibai shawara a makarantun sakandare, sai dai a wurare da dama an ɗora aikin a kan malamin da darussa suka riga suka yi masa yawa, shi ya sa buɗe wannan ofishi ya cancanci taro irin na yau.

Babban aikin da ke jiran ofishin shi ne cin zali, wato maimaita cutar da wanda ba shi da ƙarfin ramawa. Rahoton hukumar UNESCO na 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya yana fuskantarsa, amma a makarantun kwana na ƙasar nan ya fi fakewa a bayan siniyanci, inda ake sa ƙaramin ɗalibi ɗiban ruwa da wanki da tsallen kwaɗo, a ƙwace masa guzurin da iyayensa suka haɗa masa, sannan idan ya kai ƙara a laƙaba masa munafuki. Wannan laƙabi ne ke rufe bakin yara, don haka wajibi ne ofishin ya tsaya daban da na malamin ladabtarwa, ya riƙe sirrin duk wanda ya shigo, ya kuma zauna da mai cin zalin, wanda sau da yawa abin da aka yi masa yana aji ɗaya yake ramawa a kan na baya.

Potiskum tana da ƙarin dalili. Harin bam na 10 ga Nuwamba, 2014, wanda ya hallaka ɗalibai fiye da 40 a wurin taron safe na makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, ya bar gidaje da yawa da tabon da bulala ba ta warkarwa, kuma yaron da ya tashi cikin firgici yakan zama mai saurin fushi ko mai yawan shiru, alamun da sai wanda ya samu horo ke ganewa.

Ana roƙon iyaye su riƙa leƙo ofishin ranar ziyara. Yanzu ana gayyatar wakilin ma'aikatar ilimi ya yanke ƙyallen buɗewa.