Mun kai yara Damagaram

Yau labarin tafiya zan ba ku.

Da sanyin bara, bayan an gama aikin gona, na ɗauki iyalina muka tashi daga Maraɗi zuwa Damagaram. Mu biyar ne: ni, da uwar yara, da yara uku. Babbar shekararta tara, ƙaramin yana goye. Dalilin tafiyar kuwa, wata rana na tambayi babbar ko ta san Tanimun. Ta ce ko mai shagon unguwarmu ne. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni kunya.

Tsakanin Maraɗi da Damagaram ya fi kilomita 200. Tun da asuba muka kama hanya, don yaro ba ya jure zafin mota. Mun ɗauki ruwa mai yawa, da fura, da ƙuli-ƙuli. Uwar yara, wadda ke shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci, ita ce mai karanta mana allunan hanya. Ta karanta Gazawa, ta karanta Tasawa, ba wanda ya taimake ta.

Gaba da Tasawa muka tsaya Maijirgi. Nan aka kashe nasara biyu, sojojin Faransa, Bule da Shanwan, a shekara ta 1899. Su ne suka biyo ƙasar Hausa suna ƙone garuruwa. Sun yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu. Sun hallaka mutane masu yawa a Birnin Ƙonni. Ƙarshe sojojinsu da kansu suka harbe su. Da muka tsaya gaban kabari, ɗiyata ta ce: "Baba, to ina kabarin mutanen da suka kashe?" Na yi shiru. Har muka koma mota ban sami amsa ba.

Da azahar muka shiga Damagaram. Garin nan duwatsu ne manya-manya, wani bisa wani. Yara suka so hawa, muka hana. Muka sauka gidan dangi, muka huta, sai da la'asar muka nufi Birni.

A Birni fadar Sarkin Damagaram take. Ginin ƙasa ne mai kauri, ya fi shekara 150. Dogarai na nan ƙofa da jajayen riguna. Muka gaishe su, muka nemi izini kafin mu shiga zaure. Ku ma in kun je, kada ku faɗa kai tsaye, gidan sarki ne, da mutane ciki. Nan na gaya wa yara ko wane ne Tanimun. Shi ne sarkin da ya kewaye birnin da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera manyan bindigogi. A zamaninsa fatake na zuwa daga Kano da Agadas har da Turabulus. Ya rasu a 1884.

Bayansa, a 1898, Sarki Amadu Kuran Daga ya sa aka kashe wani kaftin na Faransa mai suna Kazamaju. A 1899 aka gwabza a Tirmini, nasara suka ci garin. Damagaram ta zama babban birnin ƙasa, sai a 1926 aka mai da shi Yamai.

Ina cikin wannan bayani, sai muka duba babu na tsakiyar, mai shekara biyar. Lungunan Birni ƙanana ne, duk kamarsu ɗaya. Hankalinmu ya tashi ƙwarai. Can sai ga wani dattijo riƙe da hannunsa. Ashe uwar ta rubuta sunansa da na mai masaukinmu a ƴar takarda, ta sa masa a aljihu. Ni ban ma san ta yi ba.

Da muka dawo gida, babbar ta je wurin kakarta, ta ce a ba ta labarin zuwan nasara garinsu. Tsohuwa na faɗi, uwar na rubutawa. Yanzu sun cika shafi huɗu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.