Fankar 'Yan Kwana-kwana a Ƙasar Rimawa: Tsayuwarta da Ƙirarta

Jami'an kashe gobara da shugabannin 'yan kasuwa na Wurno da Rabah da Goronyo, barkanku da zuwa.

Tun gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta watan Janairun 2021, duk inda aka zauna maganar wuta sai a ce mota da ruwa. Gaskiya ne. Amma mafi yawan waɗanda gobara ke kashewa a cikin ɗaki hayaƙi ne ke cim musu tun kafin harshen wuta ya iso, musamman hayaƙin katifar soso da roba. Shi ya sa nake so mu dubi fankar da ake girkewa a bakin ƙofa, ta tura iska ciki, hayaƙi ya fita ta wata kafa. 'Yan kwana-kwana a Amurka ne suka yaɗa dabarar.

Fankar kan kai faɗin santimita 40 zuwa 60, wata da injin fetur, wata da batir. Ana ajiye ta kamar taku biyu daga ƙofa, a ɗan ɗaga fuskarta sama, yadda iskar za ta rufe bakin ƙofar duka. To, duk ƙarfin da ta tura gaba, shi ne yake tura ta baya. A kan siminti sai ta riƙa ja da baya, shi ya sa ake yi mata ƙafafun roba, a sa nauyin injin can ƙasa.

Mu kuwa rairayi gare mu. Girka ta a ƙofar gida a Goronyo, jijjigar inji za ta nutsa ƙafa ɗaya, fanka ta karkace, iska ta bugi bango, ma'aikacin da ya shiga da tiyo ya tsinci kansa cikin duhu. Tana kuma zuƙar yashi ta watsa wa na gaba a ido. Don haka duk ƙaramar hukumar da za ta saya, ta nemi mai shimfiɗaɗɗen gindi, mai makullin da ke riƙe karkatarta, a haɗa da katakon ɗora ta. A gwada ta a ƙasarmu, lokacin hunturu, kafin a biya kuɗi. Ni dai na fi karkata ga ta batir, domin ta fetur tana tura gubar hayaƙinta cikin ɗakin da ake son a ceta.

Abin da ya fi damuna shi ne ginin namu. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ƙofa ɗaya gare shi, sai 'yar taga wadda da ƙyar hannu ke wucewa. In babu mafita, fanka ta zama zuga-zugin maƙeri, wuta ta dawo ta ƙofar da kake tsaye. A buɗe mafita tukuna, a tabbatar babu mutum tsakaninta da wutar, sannan a kunna. Kusa da zana ko rumbu ko rumfar albasa kuwa kada ma a sauke ta daga mota, tartsatsi ɗaya ya isa. Wurinta shi ne shagunan bulo da ɗakunan asibiti da makarantun kwana, inda ƙofa ke fuskantar taga.

Ga fili ga mai tambaya.