Masinjan da Ya Dawo Hannu Rabbana



A watan Agusta na 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama hedkwata. A cikin watan nan ne kuma wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya ba da sanarwar manhajar da ta zama Linux. Yau duk mai wayar Android a ɗakin nan yana ɗauke da ƙwayar manhajar nan a aljihunsa, watau ɓangaren da ke raba wa sauran manhajoji lokaci da wurin ajiya.

Kowane aiki da ke gudana a na'ura yana da lamba, kamar fayil a rajistar ofis. In wata manhaja tana son a tsai da wani aiki, sai ta miƙa lambarsa, ƙwaya ta duba rajista. To, sau da yawa kafin a duba aikin ya ƙare an share sunansa. Abin da mai bincike ke dawowa da shi a nan shi ne NULL, ma'ana babu.

Ma'aikatan da ke cikinmu sun san haka. An aiki masinja ya ɗauko fayil, ya dawo hannu rabbana. Akawu mai hankali sai ya dubi hannun masinja tukuna, ya mayar wa mai nema amsa cewa ba a samu ba. Haka Linux ke yi: tana mayar da kuskure mai suna ESRCH, lamba 3. Amma in mai rubuta manhaja ya manta da wannan duban, ƙwaya za ta je karatu a adireshin sifiri, inda ba kome. Ƙaramar manhaja in ta yi haka ita kaɗai ke mutuwa. Ƙwaya kuwa tana iya faɗuwa riƙe da makullin da wasu ayyuka ke jira, na'ura duka ta sandare. Tony Hoare, wanda ya shigo da NULL cikin harshen ALGOL W a 1965, da bakinsa ya kira shi babban kuskure a 2009, ko da yake a ganina laifin wanda bai duba ba ya fi.

Akwai abin da ya fi wannan ban tsoro. Lambobi suna ƙarewa. Iyakarsu ta asali a Linux 32768 ce, sa'an nan a koma baya a sake raba waɗanda suka zama ba mai su. Ashe masinja na iya dawowa da fayil mai lambar da aka ce, alhali na wani ne dabam, a tsai da aikin da bai ji ba bai gani ba. Duban NULL ba ya maganin wannan. Shi ya sa a 2019 aka shigar da pidfd cikin Linux, wata shaida da ke manne da aiki guda, wadda ba ta komawa kan wani ko da an sake ba da lambar.

Shugaba, na ga lokaci ya ƙure.